Anti, sun hana ni shiga aji saboda ciwon Turet

Assalamu alaikum Anti, barka da aiki, ya ɗawainiya da jama'a, Allah ya saka miki da alkhairi. Dan Allah in za ki karanta ki ɓoye sunana da garinmu, sannan kiyi haƙuri da rubutun dan wallahi raina a ɓace yake, tun jiya ban iya saka komai a cikina ba.

Anti an hana ni shiga aji. Ni ɗalibar NCE ce ajin ƙarshe, muna TP yanzu haka, wato koyarwar gwaji, an tura ni wata makarantar 'yan mata, jiya da safe ko jaka ban ajiye ba mataimakiyar firinsifal ta aiko a kira ni, tace daga yau in zauna a ofishin malamai in dinga makin ɗin littattafai da cike rajista, ajina an ba wa wata. A gaban malamai ta faɗa fa, har da 'yan TP 'yan uwana da muka zo tare, ko ta ja ni gefe bata yi ba, kuma babu wanda ya buɗe baki a cikinsu, kowa ya sunkuyar da kai yana danna waya.

Bari in miki bayanin larurar dan kar kema ki ɗauka abinda suke ɗauka. Ina da ciwon da ake kira Turet. Idona yana ƙiftawa da sauri, wuyana yana fizgewa gefe guda, kafaɗata tana ɗagawa, sannan akwai wani sauti da yake fita daga maƙogwarona kamar gyaran murya mai ƙarfi, wani lokacin sau biyu uku a jere. Ba ni nake yi ba. Ina jin zuwansa kamar yadda mutum yake jin atishawa ta taho, zan iya danne shi na ɗan lokaci amma in na danne sai ya taru ya fito da yawa daga baya, ranar da na danne sosai a makaranta in na koma gida wuyana ciwo yake har sai Umma ta gasa min da ruwan zafi. Tun ina shekara bakwai ya fara, da ido ya fara, aka ce ciwon ido ne aka yi ta ɗiga min magani, da sautin ya zo kakarmu tace iska ce, aka shiga ruƙiyya da hayaƙi da rubutu, babu irin wanda ban sha ba. A Islamiyya kuwa bulala na sha, wai ina kwaikwayon malam in yana karatu. Sai da na shiga babbar sakandare ƙanin Umma da yake aikin jinya ya kai ni asibitin koyarwa wajen likitan ƙwaƙwalwa da jijiya, shi ne ya faɗa mana sunan abin, yace wani likita ne ɗan Faransa, Gilles de la Tourette, ya bayyana shi tun 1885, yace lamari ne na yadda ƙwaƙwalwa take aika saƙon motsi, yana farawa tun yarinta, ya fi kama maza, yana iya bin jini a dangi, ba'a ɗaukarsa daga wani, ba farfaɗiya bane kuma baya taɓa hankali ko fahimta. Yace da yawa yana yi musu sauƙi in sun girma, nima ya ragu akan da amma bai tafi ba. Kuma masu yin ashar da ake nunawa a bidiyo 'yan kaɗan ne a cikinmu, wajen ɗaya cikin goma, ni ban taɓa zagin kowa ba wallahi.

To abinda ya jawo maganar jiya, wata yarinya ce ta faɗi a asambuli ranar Litinin tana ihu, kin san dai yadda ake yi a makarantun mata, ɗaya in ta faɗi sai wasu su biyo, aka ce aljanu ne. Yarinyar nan ba 'yar ajina bace, ban ma san sunanta ba, ni ina can baya wajen 'yan aji biyu. Amma wai uwarta ta zo tace an ce mata akwai wata malama mai iskokai da take tayar wa yara da nasu. Shi ne mataimakiyar firinsifal ɗin nan ta kalli tsabar idona tace ita ba zata bari in tashi mata makaranta ba, wai in ina da mutanen ɓoye in je a fara cire min su tukun. Nace mata Hajiya ciwo ne na asibiti, ina da kati, tace kowa ma haka yake cewa. Ina magana wuyana yana fizgewa dan in raina ya ɓaci ko na tsorata abin ƙaruwa yake, sai ta ja kujerarta baya tana a'uziyya. Anti wannan jan kujerar ya fi min komai ciwo.

Dama tun zuwana bata so na. Ranar farko ta tambaye ni ko ina shan wani abu ne, ni da ko maganin tari bana sha sai da takardar likita. Kuma wadda aka ba wa ajin nawa naji ance 'yar ƙawarta ce, ni dai ban ce komai ba Allah yana gani. Wasu suna cewa ai da na faɗa musu tun farko, to in faɗa in ce me? Mai ciwon suga ko asma yana bin ofis ofis yana shela ne kafin ya shiga aji? Duk inda na taɓa faɗa da bakina kallon ya canza, shi yasa nake bari aikina ya fara magana.

Kuma aikin nawa babu wanda ya kushe shi. Lissafi nake koyarwa, lesin filan ɗina kullum a rubuce, malamin da nake ƙarƙashinsa shi da kansa yace yaran sun fi gane kashi-kashi a hannuna. Abinda basu sani ba in na riƙe alli na juya allo na shiga darasi sosai abin lafawa yake, sai in yi tsawon lokaci ban yi ba, zama shiru a ofis ana kallona shi ne yake tayar min da shi, kinga ke nan inda suka ajiye ni nan ne mafi muni a gare ni. Yaran ma dariya suka yi kwanakin farko, na sani, yara ne, amma sun daina. Akwai wata ƙarama a layin gaba, ina cikin rubutu sautin ya fita sai ta ɗaga hannu tace Malama shaƙuwa kike, ta zaro fiya wata daga jakarta ta miƙo min, na karɓa nace na gode, nace ba shaƙuwa bace haka Allah ya yi maƙogwarona, tace to, muka ci gaba da darasi. Yarinya 'yar shekara goma sha biyu ta gane, babbar mace mai digiri ta kasa.

Tashin hankalina yanzu sati mai zuwa sufabaiza zai zo daga kwaleji, dole sai ya gan ni tsaye a aji ina koyarwa zai bani maki, in babu makin TP babu sakamako, sai dai in maimaita baɗi, kuma ba kisan yadda aka haɗa kuɗin rajistar bana ba, Umma akuyarta ta sayar. Ƙawata tace in sha maganin da aka taɓa bani in danne ranar, haloperidol, amma Anti maganin nan barci yake sa ni, jikina ya yi nauyi bakina ya bushe, shi yasa likita ya tsayar min da shi ya koya min wata dabarar numfashi da riƙe wuya in naji abin ya taho, tana taimakawa amma ba kullum ba.

A gida kuma Baba da yaji sai cewa yayi dama ya faɗa, aikin tsayuwa gaban mutane ba nawa bane, in haƙura ya saya min keken ɗinki. Yayana ne kaɗai yake bayana, shi yake ce min Tim Howard da ya tsare wa Everton da Amurka raga shima da ciwon yake, ya kuma nuna min labarin wani malami a Amurka, Brad Cohen, da makarantu 24 suka ƙi ɗauka saboda Turet kafin ya samu aiki, ya zo ya zama fitaccen malami. Yace ma akwai dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman da shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, in rubuta ƙorafi. To in rubuta wa wa, ita matar ce ma zata sa hannu a takardata ta gama TP, in na kai ta ƙara ai na kashe kaina. Ni tun ina firamare malanta nake so, ina tara ƙannena a zaure ina musu darasi da gawayi, ban taɓa son wani aiki ba.

Sannan akwai wanda yake nemana, shi ya sani kuma yace bai dame shi ba, amma mahaifiyarsa bata sani ba, in naje gaishe ta dannewa nake in fito da ciwon wuya, kuma ƙanwarsa a makarantar nan take aji uku, na tabbata zuwa yanzu maganar mai iskokai ta isa gidansu, tun jiya bai kira ni ba kuma ba halinsa bane.

Anti dan girman Allah ki bani shawara, in je wajen firinsifal da katin asibiti ne ko in fara sanar da kwaleji su canza min makaranta, kuma in an canza ɗin can ma in faɗa tun ranar farko ko in yi shiru? Shi kuma in kira shi ko in jira ya kira? In akwai likita cikin masu sauraro dan Allah ya yi wa mutane bayani a shirin, ko matar nan zata ji.

Taki a kullum,
Malama mai jiran amsa