Amsa ga Alhajin da ya ƙalubalance ni kan sukuwar Amurka

Assalamu alaikum Alhaji, ranka ya daɗe.

A taron masu dawaki da aka yi bayan Hawan Daushe ka miƙe gaban jama'a ka tambaye ni: tunda sukuwar Amurka kullum cikin rigimar allura da shiga kotu take, me ya sa nake damun mutanen Zariya da cewa mu ɗauki tsarinsu? Aka kira sallah, taro ya watse ban samu na amsa ba. A bainar jama'a ka yi tambayar, don haka a bainar jama'a zan mayar.

Rigimar da ka faɗa gaskiya ce, har ma zan ƙara maka. A 2021 wani doki mai suna Medina Spirit, mallakar attajirin Saudiyya Amr Zedan, ya ci Kentucky Derby, babbar sukuwar ƙasar da ake yi tun 1875 a filin Churchill Downs. Bayan kwanaki sakamakon gwaji ya fito, an sami maganin kumburi betamethasone a jikinsa. Maganin ba haramun ba ne wajen jinyar doki, amma doka ta hana a same shi a jiki ranar tsere. Mai horar da shi, Bob Baffert, ya ce daga man shafawa ne na ƙurajen fata. Ba a karɓa ba. A Fabrairun 2022 aka ƙwace nasarar aka ba Mandaloun da ya zo na biyu, lokacin ma Medina Spirit ya riga ya faɗi matacce bayan atisaye tun watan Disamba. Baffert kuwa, duk da sunansa, filin ya rufe masa ƙofa har zuwa 2024.

Ga kuma dokin Amurka Maximum Security, wanda ya ci Kofin Saudiyya na farko a Riyadh a 2020, gasar dala miliyan 20. Mai horar da shi, Jason Servis, ba gwaji ne ma ya kama shi ba, wayarsa jami'an FBI suka saurara. An ɗaure shi shekara huɗu, Saudiyya ta soke nasarar.

To Alhaji, ta yaya ni da kai muka san duk wannan? Saboda akwai wanda aikinsa ne ya ɗebi jini da fitsarin dokin da ya ci, akwai kuma hukumar da za ta iya ce wa mai kuɗi ka dawo da kofi. Mu nan ba mu da abin kunya irin nasu, domin babu mai dubawa. Kai ka girme ni a harkar nan, ka san abin da ake yi da sassafe ranar sukuwa. Doki ya kwana yana ɗingishi, gaban ƙafarsa da zafi in ka dafa, sai yaron barga ya zaga da shi bayan mota da sirinji da kwalbar da aka sayo a kemis. Kafin a ɗaura sirdi ɗingishin ya ɓace. Ciwon yana nan, jinsa ne aka kashe, kuma yaron mutane ne za a ɗora a kai ya sake linzami. In ƙafar ta karye a kwana sai mu ce ƙaddara, mu watse.

Abin da na fi nacewa a kai shi ne gasannin share fage. Derby dawaki 20 kacal take ɗauka, dukansu 'yan shekara uku, tsawon mita 2,000. Tun 2013 maki ake tarawa kafin a sami gurbi. Ana farawa da ƙananan tsere tun kaka, sannan a Maris da Afrilu a zo manya irin su Florida Derby, Santa Anita Derby, Blue Grass da Wood Memorial, kowanne mita 1,800, wanda ya ci ya kwashi maki 100. Har Dubai ana neman makin a UAE Derby. Amfanin biyu ne. Doki yana hawa mataki-mataki, nisa na ƙaruwa, mai horo yana ganin numfashinsa da ƙafarsa. Sannan babu wanda zai shiga don ubangidansa babba ne. A 2022 Rich Strike bai sami gurbi ba sai da wani doki ya janye ana gobe tsere, kuma shi ya ci.

Mu fa? Doki na turke wata da watanni, harawa da dusa da kanwa, sai ɗan kilisa da yamma. Kwatsam a ji za a yi sukuwa a Kaduna ko Kano, a loda shi a mota, ya sauka da gajiyar hanya a ce ya yi gudun mutuwa.

Ban ce Amurkawa sun gama gyara gidansu ba. Dokar tarayya kan sukuwa mai suna HISA da aka sa wa hannu a ƙarshen 2020 don haɗa ƙa'idojin magani wuri guda, har yau ƙungiyoyin masu horo da jihohi irin su Texas da Louisiana suna ja da ita, kan wa ke da iko da kuma wa zai biya kuɗin gwaji. A bazarar 2023 dawaki 12 suka mutu a Churchill Downs, har aka kwashe ragowar tseren zuwa wani fili. Kuma kuɗin harkar tasu daga caca yake fitowa, wannan kam mun bar musu. Ba kuma cewa nake kowa ya sayar da gona ya sayo tarabired, dokin tseren Turawa, ba. Dokinmu na Arewa ya fi shi jure rana da ƙishi, kuma shi talaka zai iya ciyarwa.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfinmu ba. Littafi guda na rajista: sunan doki, launinsa, akawal ne ko kili ko bidi, shekarunsa, uwa da uba in an sani. Ingila ta fara nata tun 1791. Da shi za a daina gardamar da ke tashi duk lokacin da aka shigo da doki mai jinin Sudan ajin dawakin Arewa. Sai likita. Muna da tsangayar likitancin dabbobi da asibitinta a Jami'ar Ahmadu Bello nan Samaru, ba a rasa wanda zai tsaya bakin fili ya duba ƙafa da numfashi, in ya ce wannan ba zai fita ba, maganarsa ta zauna ko dokin waye. Gwajin jini yana da tsada, sai mu fara da na ɗaya da na biyu kawai. Sannan tsere biyu ko uku gajeru a nan gida kafin a fita da doki wani gari.

Wurin da abin zai tsaya ko ya rushe shi ne ranar da likitan zai hana dokin babban mutum. Shi ya sa nake so a fara da bargarka, Alhaji. In naka ya tsaya aka duba shi, ban ga wanda zai ƙi ba a Zazzau.

Allah ya ja zamaninka. Wassalam.

Ɗanka,
daga Tudun Wada, Zariya