A Kawo Mana Littattafan Frederick Forsyth a Filin Adabi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka, na rubuto ne daga Garwa da roƙo ɗaya a kan filinku na adabi. Muna jin daɗin yadda kuke tattauna littattafan soyayya da na tarihi, Allah ya saka da alheri. Sai dai har yau ban ji kun taɓo labaran leƙen asiri da makircin siyasa ba, alhali mu a nan su ne suka fi kama da abin da ƙasarmu ta gani. Wanda nake so ku fara da shi shi ne Frederick Forsyth, marubucin Ingila da ya rasu a watan Yunin 2025 yana da shekara 86.

Ni da Faransanci na karanta shi, kamar yawancin 'yan boko a nan. Na farko da ya shigo hannuna shi ne Chacal, wato dila, wanda ya fito a 1971. A wurin mai shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin kasuwa na saya, bangon ya yage, wani ya liƙe shi da salatif, takardun sun yi ja saboda ƙura. Lokacin bazara ne, ɗaki ba ya kwantuwa, sai na fito tsakar gida da tabarma da fitilar ƙwai. Wallahi kiran assalatu ne ya raba ni da shi.

Labarin ya tashi ne daga abin da ya faru da gaske. A watan Agustan 1962 'yan ƙungiyar OAS, masu fushin an saki Aljeriya, suka buɗe wa motar Janar de Gaulle, shugaban Faransa, wuta a Petit-Clamart kusa da Paris, ya tsallake rijiya da baya. Daga nan marubucin ya ƙago wani maharbin haya da babu wanda ya san sunansa, wanda OAS ta ɗauko ya kashe de Gaulle. Kowa ya san de Gaulle a gidansa ya rasu a 1970, to amma duk da haka gabanka faɗuwa yake yi har shafin ƙarshe. Gwanintar Forsyth ita ce bin abu dalla-dalla: yadda mutumin ya shiga maƙabarta ya samo sunan yaron da ya mutu yana ƙarami ya yi fasfo da shi, da yadda aka ƙera masa bindigar da ake ɓoyewa cikin sandar gurgu. Ɗan jarida ne tun asali, ya yi wa kamfanin Reuters aiki a Paris da Berlin ta Gabas, shi ya sa ba ya rubuta abin da bai bincika ba.

Amma wanda ya fi shafarmu shi ne Les Chiens de guerre, karnukan yaƙi, na 1974. Wani attajiri a Landan ya ji labarin dutse mai ɗauke da ma'adini mai tsada a wata ƙaramar ƙasar Afirka da marubucin ya kira Zangaro, sai ya ɗauko sojojin haya su kifar da gwamnati ya ɗora nasa. Faɗan kansa bai ci shafuka da yawa ba. Mafi yawan littafin a kan kuɗi ne da takardu: kamfanonin bogi, ajiyar banki a Turai, sayen makamai da takardun jabu, neman jirgin ruwa. A nan na gane cewa juyin mulki tun a ofis ake gama shi kafin a ji ƙarar bindiga. Kuma ba tatsuniya ba ce zalla. Bob Denard, wani sojan haya Bafaranshe, ya sauka Kwatano da mutanensa don juyin mulki a Janairun 1977, ya sha kashi, ya je ya kifar da gwamnatin Komoros a 1978. A 2004 aka kama Simon Mann, wani sojan haya ɗan Ingila, a Harare a kan hanyarsa ta zuwa juyin mulki a Ikwatoriyal Gini, maƙwabciyarmu ta kudu.

Ba zan ɓoye aibinsa ba. Lokacin yaƙin Biyafara ya ɗauki ɓangare ƙarara, abokin Ojukwu shugaban Biyafara ne, kuma abin da ya rubuta a kan Arewacin Najeriya bai yi mini daɗi ba. A 2015 shi da kansa ya faɗa cewa ya shafe shekaru yana yi wa hukumar leƙen asirin Ingila aiki. Baƙar fata a labaransa kuwa sau da yawa 'yan kallo ne a ƙasarsu. Ku faɗi wannan ma a filin, mai sauraro ya yi alƙalanci da kansa.

Abin da ke ci mini rai, malam Edita, shi ne mu ma muna da irin waɗannan labarai amma matasanmu ba su sani ba. A 1960 wani Bafaranshe ɗan leƙen asiri, William Bechtel, ya yi shigar ɗan jarida ya gayyaci Félix Moumié, shugaban jam'iyyar UPC mai yaƙi da mulkin mallakar Faransa a Kamaru, cin abinci a Janiba, ya zuba masa guba a abin sha. Moumié ya cika ranar 3 ga Nuwamba, kuma ba a taɓa hukunta Bechtel ba. Na tambayi ɗalibaina na dā su fi goma, biyu kaɗai suka taɓa jin sunan Moumié. Ina fata idan marubutanmu na Hausa suka ji yadda Forsyth ke ɗinka labari, wani zai ɗauki alƙalami ya rubuta namu.

Don haka ina roƙon ku ware ko da mako uku, a taƙaita littattafan nan biyu da Hausa, a ƙara da Le Dossier Odessa na 1972, kan farautar wani tsohon jami'in Nazi. Kwafina suna nan a akwati, idan kuna bukata zan ba direban mota ya kawo muku.

Naku mai sauraro kullum,
tsohon malamin makaranta, daga Garwa, Kamaru.