Amsa ga Kawu: abin da ke mayar da ni Blackpool duk shekara

Assalamu alaikum Kawu,

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Ranar walimar Sallah, a gaban jama'armu na Manchester, ka jefo mini tambaya. Ka ce mutum da gemunsa da 'ya'yansa, me zai kai shi hawa lilon yara da sunan tuna abokinsa da ya rasu? Ba gara kuɗin tikitin ya tafi sadaka, lokacin kuma ya tafi addu'a ba? Ka ƙara da cewa abin ya yi maka kama da jefa kai ga halaka. Na yi shiru a ranar don wani abu ya tokare mini maƙogwaro, ba raini ba ne. Tunda a bainar jama'a ka yi tambayar, na ga ya dace amsar ma kowa ya gan ta.

Sadaka da addu'a ban bar su ba, Kawu. Mu abokansa mun haɗa kuɗi an haƙa rijiya a ƙauyensu, kuma ba na ɗaga goshi daga sujada ban ambace shi ba. Wannan haƙƙinsa ne a kaina. Zuwa Blackpool kuwa wani abu ne daban.

Abokin nawa ne ya fara kai ni, a shekararmu ta farko a Ingila, lokacin kewar gida ta sa ko abinci ba ya mini daɗi. Tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna ce, sai ga mu a bakin teku, a filin wasan Pleasure Beach da ke nan tun 1896. Ya nuna mini jirgin lilon da ake kira Big One, irin wanda Turawa ke ce wa rola-kosta. Tsayinsa mita 65, kuma da aka buɗe shi a 1994 babu wanda ya kai shi tsawo a duniya. Na ce masa ni dai lilon ranar Sallah na sani, a bar ni a ƙasa. Ya kama hannuna ya ce, "Taho, tsoron na minti uku ne kawai."

Marigayi injiniya ne, kuma a layi ya koya mini abin da ya kwantar mini da hankali. Jirgin ba shi da inji a jikinsa. Sarƙa ce ke jan sa zuwa ƙololuwa, daga nan nauyinsa ne ke tafiyar da shi har ya dawo. Wannan ƙas-ƙas-ƙas da ke tsinka wa mutum zuciya wajen hawa, ƙarar wani ƙarfe ne da ke kama haƙoran titin don kada jirgin ya zame da baya. Tayoyin kuma kashi uku ne, wasu a saman titin, wasu a gefe, wasu sun riƙe shi ta ƙasa. Na ƙasan nan, waɗanda wani Ba'amurke John Miller ya yi wa rajista a 1919, su ke hana jirgin tashi daga kan titi. Marigayi yana son ba da labarin Ron Toomer, wanda ya zana Big One, amma shi kansa ba kasafai yake hawa abin da ya zana ba saboda jiri.

Ba zan ce maka hatsari ba ya faruwa ba. A 2015, a wani filin wasa na Ingila mai suna Alton Towers, jirgi ya daki wani da ke tsaye babu kowa a ciki, har aka yanke wa 'yan mata biyu ƙafa, kotu kuma ta ci kamfanin tarar fam miliyan 5. Bincike ya nuna na'urar tsaro ta tsayar da jirgin yadda ya kamata, mutane ne suka sake shi. Mun yi maganar nan da shi sosai. Mutum ne mai taka-tsantsan, sai ya ja ƙarfen cinyarsa ya ja nawa ya tabbatar sun kulle kafin mu tashi.

Ga abin da na fi so ka sani. Da mun zauna sai ya karanta addu'ar hawa abin hawa, "Subhanallazi sakhkhara lana haza", a hankali, kamar yadda yake yi a mota. Idan sarƙa ta fara jan mu sama yana kabbara, idan jirgin ya sunkuya ya nufi teku sai in ji shi yana tasbihi da ƙarfi cikin ihun Turawa. Ya ce hadisin Jabir yake bi, cewa sahabbai idan sun hau tudu sukan yi kabbara, idan sun gangara su yi tasbihi. A can sama, iska na dukan fuska, ga teku shimfiɗe har inda ido ya tsaya, ban taɓa ganin mutum cike da godiyar Allah kamarsa ba.

Wanda ya fi ƙauna shi ne Grand National, na katako, wanda aka gina a 1935 aka sa masa sunan wani shahararren tseren dawaki. Jirage biyu ke tashi tare suna sukuwa kafaɗa da kafaɗa. Kullum sai ya ce in shiga ɗaya ya shiga ɗaya, muna yi wa juna kirari a kowace kwana. Ido yana ganin titi biyu ne, alhali guda ɗaya ne da ya zagayo, shi ya sa wanda ya tashi ta dama sai ya dawo ta hagu. Sai da ya zana mini a bayan tikiti na gane. Tikitin yana cikin walat ɗina har yau.

Da ciwon ƙoda ya kama shi aka fara yi masa wanki sau uku a mako, likita ya hana shi hawa. Duk da haka ya nace mu je. Ya zauna a benci cikin rigar sanyi biyu, ya riƙe mini jaka, ya ce in hau a madadinsa in zo in ba shi labari. Da na sauko na same shi ya ɗaga kai yana bin jirgin da ido, leɓɓansa na motsi. Ya tambaye ni ko na yi kabbarar. Na ce na yi. Ya ce to kada in bari. Zuwanmu na ƙarshe tare ke nan. Bai ga Hyperia ba, jirgin lilon da aka buɗe a filin wasan Thorpe Park a 2024 ya ƙwace wa Big One kambun tsawo a Birtaniya, ni ma har yanzu na kasa zuwa ba tare da shi ba.

Watannin jinya sun cika mini ido da kamanninsa na rama da kumburin ƙafa, har na ji tsoron su kaɗai za su rage mini. A kan jirgin nan ne kawai fuskarsa ta lafiya ke dawo mini, da dariyarsa, da muryarsa. Kuma ina sauka nake neman gefe in ɗaga hannu in roƙa masa gafara, da zuciyar da ta fi taushi fiye da kowane lokaci a shekara.

Wata mai zuwa zan je in sha Allahu, da yarana da ɗan marigayi na fari, wanda bana tsayinsa ya kai a bar shi ya hau. Akwai wuri a mota, Kawu. Ba sai ka hau komai ba, zan nuna maka bencin da ya zauna, mu yi masa addu'a tare a wurin.

Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa.

Ɗanka mai girmama ka.