A rage sifirin ba a rage wahala ba: tsokaci kan injin Pilates

Assalamu alaikum Edita, barka da aiki.

Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan wannan injin motsa jiki da ake kira rifoma, na Pilates, tunda yanzu ko'ina ka leƙa sai bidiyonsa kuma kowa so yake ya fara da abin da ya gani a bidiyon. Shi fa kamar gado ne siriri, katifarsa tana zamewa gaba da baya, sifirin ne ke riƙe da ita, ga ƙarfe na dafa hannu ko ƙafa, ga igiyoyi biyu. Wanda ya ƙirƙiro shi, Joseph Pilates, Bajamushe ne da aka haifa a 1883, an tsare shi a tsibirin Man da ke tsakanin Ingila da Ireland lokacin yaƙin duniya na ɗaya, daga baya ya koma Amurka ya buɗe wajen koyarwa a New York. Sunan da ya ba tsarin nasa ma Contrology ne, wato sarrafa jiki.

Ni dai na sha mamaki, na ɗauka yawan sifirin shi ne wahala. Ashe a wasu darussan akasin haka ne. Akwai wanda ake kira Long Stretch, hannu kan ƙarfe, ƙafa kan katifa, jiki a miƙe sambal kamar katako, ka tura baya ka dawo. Ranar da malamata ta cire sifirin ta bar min ɗaya tak, wallahi katifar nan guduwa ta yi da ƙafafuna, ƙuguna ya lotsa, hannu na rawa, don babu abin da zai dawo da ita sai tsokar cikina, ita kuwa ashe barci take. Ba tsokar sama da ake gani a madubi ba, wadda ke can ciki ta zagaye ƙugu kamar ɗamara, da ƙananan nan da ke manne da ƙashin baya.

Sai Short Spine, wanda na fi so. Kana kwance, ƙafa cikin igiya, ka ɗaga ƙafafun har saman kai, sannan ka sauke bayanka gaɓa bayan gaɓa a hankali. Gaɓoɓi 24 ne masu motsi a ƙashin bayan mutum, amma mu masu wuni kan kujera idan muka zo saukewa sai ka ji tsakiyar bayan ya faɗi gaba ɗaya tim, kamar an yar da allo. Na fi wata uku kafin in ji ƙasan bayana yana sauka daban da sama. Shi kuma darasin Teaser da ake yi a kan akwatin da ake ɗorawa kan katifar, inda jiki ke yin siffar V, har yau wani lokaci wuyana ne ke yin aikin, malama tana hango kafaɗata ta haura kunne za ta ce a sake.

Abin da ya dame ni, Edita, ba a faɗa wa mutane cewa Short Spine ɗin nan bai dace da mai raunin ƙashi ba, ko mai juna biyu, ko wanda faifan da ke tsakanin gaɓoɓin ƙashin bayansa ya goce, ko mai ciwon wuya, nauyin ma kan kafaɗa ya kamata ya tsaya kada ya taɓa wuya. Ina roƙon shafinku na lafiya ya gayyato likitan gashin ƙashi ya yi mana bayanin wa ya kamata ya hau injin nan, wa kuma zai tsaya ga yin Pilates a kan tabarma ba tare da inji ba tukuna.

Na gode.
Mai karanta jaridarku a kullum.