Wasiƙa zuwa ga Nasiru kan neman sabon aiki

Birnin Kebbi,
Jihar Kebbi.

Aminina Nasiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Yaya Legas, yaya fama da cunkoso? Nan gida kowa lafiya lau, sai zafi da ya fara shigowa.

Saƙonka ya iso, na kuma karanta CV ɗin da ka haɗo da shi. Ka ce kamfaninku ya fara rage ma'aikata, kana ta tura takardu ba a kira, har zuciyarka ta fara raya maka cewa shekara bakwai da ka yi kana haɗa manhajojin waya ba su da wata ƙima. Wannan maganar ta dame ni, domin ba haka ba ne. Ƙwarewar tana nan, baƙo ne ba shi da inda zai gan ta. Duk aikinka yana kulle a rumbun kamfanonin da ka yi wa aiki, mai ɗaukar ma'aikata kuma ba ya tsayawa dogon bincike. Gani ya kori ji. Don haka kafin ka ƙara tura takarda ko ɗaya, ka fito da aikinka fili.

Mu fara da CV. Ka jera yarukan kod da kayan haɗa manhaja: Java da Kotlin da Flutter da React Native da Swift, har da Xamarin. Wanda ya ga wannan jerin zai ɗauka ka taɓa kowanne ne sama-sama. Cire Xamarin, Microsoft ta daina tallafa masa tun watan Mayun 2024. Ƙarfinka a Android yake, to shi za ka sa a gaba: Kotlin, wanda Google ta fifita tun 2019, da Jetpack Compose, sabon tsarin zana fuskar manhaja da ya fito a 2021. Idan har yau da tsohon tsarin XML kaɗai kake zana fuskar manhaja, wannan giɓin za ka fara cikewa, don tambayarsa za a yi. Flutter ya zo na biyu, saboda ƙananan kamfanoni suna son mutum ɗaya da zai fitar musu da Android da iPhone daga kod ɗaya. Sauran a bar su a layi guda a ƙasa.

Sannan kalmar "na taimaka wajen" ta yi yawa. Me ka yi, me ya canza bayan ka yi? Tun kana da izinin shiga Play Console da Crashlytics na wurin aikinka, wato shafukan da ke nuna rahoton yadda manhaja take aiki, duba alƙaluman: kashi nawa na masu amfani manhajar take rufe musu da kanta kafin ka karɓe ta, nawa ne yanzu, daƙiƙa nawa take ɗauka kafin ta buɗe, megabait nawa ka rage mata. Google tana ɗaukar manhaja a matsayin mai matsala idan rufewar ta wuce kashi 1.09 cikin ɗari na masu amfani a rana, ko ƙamewa ta wuce kashi 0.47. Wanda ya rubuta cewa ya sauko da manhaja ƙasa da wannan iyakar ya faɗi abin da shugaban injiniyoyi zai gane nan take. Amma ka rubuta abin da za ka iya karewa kawai, ban da sirrin kamfani. Kod ɗinsu kuwa kada ka kuskura ka ɗora shi a GitHub ɗinka, shafin da ake ajiye kod a intanet. Amana ce, kuma akwai yarjejeniyar da ka sa wa hannu.

Abin da zai fi yi maka aiki shi ne manhaja ɗaya taka ta kanka, ƙarama, wadda kowa zai iya saukewa. Ba manhajar hasashen yanayi irin ta masu koyo ba. Ɗauki matsalar da ka sani: misali littafin bashi na mai sayen shanshera a Argungu ko Kamba, wanda yake rubuta buhu nawa ya karɓa daga wane manomi, nawa ya biya, nawa ya rage, a inda sabis yake zuwa yana ɗaukewa. Bayanan su fara sauka a wayar ta hanyar Room, ma'ajiyar bayanai ta Android, sannan WorkManager, mai gudanar da aiki a bayan fage, ya tura su saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe bayanan a intanet, idan sabis ya dawo. Kowace ma'amala ka ba ta lambar shaida tun a wayar, domin idan saƙo ya tafi amsa ba ta dawo ba, manhajar za ta sake turawa, saba kuma ta rubuta biya ɗaya sau biyu. Ka yanke hukuncin abin da zai faru idan waya biyu suka gyara lissafi ɗaya, ka rubuta dalilinka a takardar bayanin aikin. Ka gwada ta a kan itel ko Tecno mai RAM gigabait 2, inda tsarin tanadin batir yakan kashe aikin da ke gudana a bayan fage. Wannan wahalar da ka saba da ita ita ce hajarka. Da yawa daga masu neman aikin tare da kai ba su taɓa rubuta wa irin wannan waya da irin wannan sabis manhaja ba.

Ka yi lissafin lokaci. Rajistar Google Play dala 25 ce sau ɗaya, amma asusun mutum ɗaya da aka buɗe bayan 13 ga Nuwamba 2023 sai ya yi gwajin rufe, wato na waɗanda aka gayyata kaɗai, da aƙalla mutum 12 har kwana 14 a jere kafin a ba shi damar neman fitarwa ga jama'a. Idan adadin ya ragu a tsakiya, lissafin kwanakin ya lalace, don haka ka tara kamar mutum 20. Zan nemo maka wasu cikin ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da na Kwalejin Waziri Umaru. Ta ɓangaren Apple dala 99 ce duk shekara, Xcode, manhajar da ake haɗa manhajojin iPhone da ita, kuma sai a kan kwamfutar Mac. Bar wannan tukuna.

Wajen intabiyu, mai shekara bakwai ba a cika kayar da shi da tambayar yaren kod ba. Inda ake faɗuwa shi ne a ce ka tsara manhajar hira ko ta tura kuɗi daga tushe, mutum ya kama zane bai tambayi komai ba. Fara da tambaya: mutum nawa, wace irin waya, me zai faru in babu intanet, ina za a ajiye shaidar shiga. Ka riƙa faɗin tunaninka a fili, shiru yana cutarwa. Idan aikin gida aka ba ka, ka tsaya kan abin da aka nema, ka sa gwaje-gwaje ko kaɗan ne, ka tabbata yana tashi a kwamfutar wani da umarni ɗaya, kuma kada makullin API, wato lambar sirrin da manhaja take shiga saba da ita, ya shiga cikin abin da ka tura.

Inda za ka nema ka san su: Moniepoint, Kuda, Paystack, Interswitch, Flutterwave, sai masu haɗa mutum da kamfanonin waje irin Andela da Toptal. Takardar da wani na ciki ya miƙa ta fi wadda aka jefa ta LinkedIn saurin isa hannun mai yanke hukunci, saboda haka ka tuntuɓi tsofaffin abokan aikinka ɗaya bayan ɗaya, ba abin kunya ba ne. Na san ra'ayinka kan manhajojin caca da na bashi da ruwa. Ka tambayi abin da kamfani yake sayarwa tun a zaman farko. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin Jaiz da TAJBank, su ma suna da manhajoji.

In tayi ya zo, kada adadin ya rufe maka ido. Ma'aikaci ne kai ko ɗan kwantiragi? Ma'aikaci yana da fansho, wanda dokar 2014 ta ɗora wa kamfani aƙalla kashi 10 cikin ɗari na albashi, kai kashi 8, galibi da inshorar lafiya da hutu. Ɗan kwantiragi duk wannan a wuyansa yake, har da haraji. Idan da dala ne, ka ji ta inda kuɗin zai shigo, asusun dala na banki ko Payoneer, kamfanin karɓar kuɗi daga waje, da abin da ake cirewa a hanya. Kamfanin Amurka zai nemi ka cike fom ɗin haraji na W-8BEN. Ka tambayi awannin aiki: Ingila da Jamus tazararmu da su ba ta wuce awa ɗaya, amma ƙarfe 9 na safe a Kalifoniya 5 ko 6 na yamma ne a nan. Lokacin sallar Juma'a ka faɗe shi tun kafin sa hannu. Kuma kada ka ajiye aikinka na yanzu sai takardar ɗauka tana hannunka.

Batun dawowa gida ka yi aiki daga nesa, ina so ƙwarai, haya da abinci sun fi sauƙi, ga su Inna kusa. Sai dai wutar gari ba abin dogaro ba ce ga mai zaman intabiyu ta bidiyo. Laftof da na'urar intanet da fanka za su ci kamar wat 120. Batirin litiyam mai bolt 12 da 100Ah yana ɗauke da kimanin wat-awa 1,200, wato awa takwas bayan asarar inbata. Da faifan sola biyu masu wat 300 zai cika a yini. Batirin ruwa bai kamata ya sauka ƙasa da rabi ba, zafin Afrilu da ke haura digiri 40 kuma yana rage masa kwana. Layi biyu na kamfanoni daban za ka riƙe. Ka tuna a Satumbar 2021 an rufe layukan waya a Zamfara gaba ɗaya. Idan aikin ya kankama, Starlink, intanet ta tauraron ɗan'adam da ta shigo Najeriya a 2023, ta cancanci kuɗinta.

Abu na ƙarshe, ka yi hattara da 'yan damfara. Duk wanda ya ce ka biya kuɗin horo ko na kayan aiki kafin a ɗauke ka, rabu da shi. Akwai masu turo aikin gwaji da mugun kod a ciki, kana tayar da shi ya kwashe lambobin sirrinka. Irin wannan a kwamfutar da babu komai naka ake buɗe shi. Kada kuma ka ba kowa hayar asusunka ko katin shaidarka.

Gyara CV ɗin ka turo min kafin Juma'a mai zuwa in sake dubawa, ka haɗo da sunan manhajar da ka zaɓa don in fara tara masu gwaji. Ka gaida Hajara da yara. Inna tana gaishe ka, tana kuma sa ka a addu'a. Allah Ya yi maka zaɓi mafi alheri.

Naka amini,
Bashar