Zuwa ga ɗana Bitrus

Bitrus,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Muna lafiya, sai ƙafar babanka da ba ta shiri da hunturun Katsina.

Talatu ta dawo da labarin da ya hana ni barci. Wai tun da muka binne 'yarka Rahila ba ka ƙara taka majami'a ba a Kaduna, Littafi Mai Tsarki ma ka cusa shi ƙarƙashin akwati. Wai ka yi azumi, ka yi addu'a, Allah ya yi maka kunnen uwar shegu.

Ban ce kada ka yi kuka ba. Yesu kansa ya yi hawaye don Li'azaru. Buɗe Zabura 88, mutumin nan ƙara yake kaiwa tun daga farko har ƙarshe, ba a lallashe shi ba, amma dai da Allah yake magana. Shirun nan naka nake tsoro. Na gwammace ka yi ta yi wa Ubangiji gardama kamar Ayuba, da ka juya masa ƙeya. Kawunka ma da shiru ya fara, ka san inda ya ƙare.

Kai kaɗai ka taɓa rasa ɗa? Biyu na binne kafin in goya ka. Kakanka da kuturta ta kai asibitin kutare na Babbar Ruga, dangi suka ware masa ƙwarya, da dungulmin hannu yake danne Littafin Waƙoƙi yana rerawa, bai ma iya karatun sosai ba. A can ya ji bishara. Jikansa ne zai ce ya gaji? Ka ce ina takura muku da addu'ar asuba kuna yara. To, don rana irin ta yau nake tashin ku.

Na san zafin, ɗana. Har yanzu ban iya ɗaga 'yar rigarta daga kan ƙusa ba. Abin da ya riƙe ni maganar Sarki Dauda ce da jaririnsa ya mutu, cewa shi zai tafi wurin yaron. Rahila tana hannun da ya fi namu.

Kada ka bar matarka Ladi ta riƙa zuwa sujada ita kaɗai, ita ta haife ta. 'Yan Zumuntar Mata suna ambatonku kowane mako. Ku zo Kirsimeti, ku taso da sassafe, kada dare ya same ku a hanyar Funtuwa.

Innarka