Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Jihar Kano Kan Tsofaffin Takardun Safiyo Da Layin Badala

Mai Girma Gwamna, Allah ya taimake ka.

Mu ma'aikatan safiyo ne da masu adana takardun tarihi. Roƙonmu shi ne a tattaro tsofaffin bayanan da suka nuna mazaunin badala, ƙofofi, kududdufai da sunayen unguwannin birni, a ɗora su a kan taswirar KANGIS, hukumar da ke adana bayanan filaye na jiha a kwamfuta, kafin a sake yanka fili ko faɗaɗa titi. Tun 1959 badala ke cikin kayan tarihi na ƙasa, ta kuma shiga jerin wuraren da ke jiran UNESCO ta sa su cikin kayan tarihi na duniya a 2007, amma hakan bai ceci tsohuwar Ƙofar Na'isa daga rusau a 2010 ba. Jami'in da ke sa hannu a takardar fili taswira yake kallo, kuma abin da babu shi a taswira, a wurinsa fili ne kawai.

Bayanan suna nan a warwatse. Akwai zanen birni da matafiyi Bajamushe Heinrich Barth ya yi a 1851 da sunayen unguwanni, da rahotannin ƙiyasin haraji na gundumomi a Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, da awon gonaki na malaman taki, masu auna gona da taku don sa haraji, da takardun da ke Gidan Ɗan Hausa.

Aikin farko a cire tsatsattsun allurai da ƙarafunan da ke cin takarda, a share ƙura da burushi mai laushi. Kada a liƙa salatif, kada a yi laminatin, domin gam ɗinsu yana narkewa ya tafi da tawada. A ɗauki hoton kowane shafi da launinsa, aƙalla dpi 400 (ɗigo 400 a kowane inci), a ajiye kwafi a wurare biyu. Ainihin takardun kuma su hau kantar ƙarfe nesa da bango, saboda gara da laimar damina.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wajen haɗa tsohuwar taswira da sabuwa. Da yawa daga tsofaffin taswirorin safiyo an zana su a kan tsohon ma'aunin Nijeriya da ake kira Minna, na'urar GPS kuwa ma'aunin duniya na WGS84 take karantawa. In aka ɗora ba tare da juya lissafi ba, layin zai goce da gomman mitoci, wanda ya isa a ce kango yana wajen badala alhali a kanta yake. Dole a ɗaure awon da abin da bai gusa ba, kamar Dutsen Dala da Goron Dutse.

Sunaye ma sai an bi su ƙafa da ƙafa. Turawan farko ba su rarrabe ƙ da k, ko ɗ da d, saboda haka a rubuta kowane suna yadda yake a takarda, sannan a naɗi muryar mai unguwa da dattawa biyu suna furta shi, a ajiye duka biyun.

Muna roƙon ka ba da umarni KANGIS ta dakatar da duk takardar mallaka da ta taɓa layin badala ko gwalalonta har a kammala wannan aiki.

Allah ya ja zamaninka.